Ƙaho Tara a Bayan Gardi

Shekara ashirin da huɗu na yi ina gadin ƙofar likita, wato asibiti, kuma ranaku da yawa sun zube mini daga kai. Amma ban taɓa mantawa da Talatar da motar lokotoro ta tarar da ni a bakin aikina, ba riga, da ƙahon wanzami tara a jikina ba. Yaran da ke aikin yanzu sun ji labarin gutsure-gutsure, kowa da irin ƙarin da ya yi masa, har na ji wani yana cewa ƙaho talatin ne. Tara ne. Ni aka yi wa, ni na ƙirga. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da hannuna, duk da aji uku kawai na yi a lakwal, na ukun ma sau biyu na yi shi.

Sunana Lawali. Likitar tamu ƙarama ce, a wani gari na ƙasar Madarunfa, kan hanyar Gabi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don masu labarin da yawa suna raye kuma suna da baki. A irin wannan ƙaramar likita babu lokotoro, wato dakta, zaunanne. Babba shi ne Majo, wato malamin jinya mai riƙe da gidan. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke allura, shi ke da mabuɗin mangaza, ɗakin da ake aje magani. Ƙarƙashinsa akwai matron, Inna Zule, mai karɓar haihuwa. Ƙarƙashinta ni. Ƙarƙashina babu kowa sai kajin Majo, su ma ba ni da ikon korarsu.

Dole in fara da maganar bunsuru, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kai ba.

Shekara ɗaya kafin Talatar nan, ranar kasuwa, Majo ya buɗe mangaza ta sha iska ya tafi cin abincin rana. Ni kuwa ina gindin itacen bedi ina hutar da idanuna. Sai na ji motsin kwali. Na leƙa, na ga wani abu baƙi yana motsi a lungu. Ban tsaya tambaya ba, na ɗaga murya na kira ɓarawo. Kafin in rufe baki kasuwa ta taso, wannan da taɓarya, wancan da fartanya. Mangazar ɗaki ce ta siminti, ƙofa ɗaya, ba taga, mutum huɗu ke cika ta. Fiye da ashirin suka shiga. Ɓarawon kuwa ashe bunsuru ne, kuma sandata ta farko ta gama da shi. Amma na waje ba su sani ba, turowa kawai suke yi. Na ciki kuwa duk abin da hannunsu ya taɓa duka suke kai masa, in wani ya taka gashin bunsuru sai ya sake ihu, wasu su ƙara shigowa. Katakan jera magani suka zubo, kwalabe suka tarwatse. Da ƙura ta lafa aka duba ɓarnar bunsurun: kusurwar kwali ɗaya ya ci.

Majo ya ba ni damand. Ga waɗanda ba su yi aikin gwamnati ba, damand takarda ce da babba ke ba ƙarami ya bayyana dalilin abin da babban ya riga ya san dalilinsa. Na kwana biyu ina tunani, sannan na rubuta kalma uku: Na yi gadi. Tun daga ranar Majo ya rataya mabuɗin mangaza a wuyansa kamar laya, ko wanka da shi yake shiga.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Masu kalanda sun ce 1995 ce. Ni dai na san bazara ce mai zafin da ko jaki sai ya nemi inuwa. Aka fara kawo mutane a amalanke, jiki kamar garwashi, amai, wuya ya sandare, ba su son ganin haske. Ɗakin kwanciyarmu gado huɗu ne, don haka muka kafa runfar zana a bayan gida muka shimfiɗa tabarmi. Yadda aikin yake shi ne, Majo zai sa hannu ƙarƙashin ƙeya ya ɗaga kai. In wuya ya ƙi lanƙwasa, wani lokaci ya ɗebi ruwan baya da doguwar allura. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sama, na mai sanƙarau kuwa kamar ruwan wankin gero. Daga nan sai allura mai kauri irin man gyaɗa, a raba ta biyu, rabi a kowane ɗuwawu. In aka kwana mutum bai nuna sauƙi ba, a ƙara masa ta biyu.

A cikin watan aka turo mana lokotoro daga Maraɗi, wata yarinyar mace mai tabarau, ta horar da ma'aikatan yankin. Ba a gayyace ni ba. Amma gara ta cinye ƙafar allon rubutu, aka rasa abin jingina shi, sai Majo ya ce in zo in riƙe. Haka na yi karatun likitana, awa biyu a matsayin ƙafar allo. Da Faransanci ta yi, ban tsinci komai ba sai ciwon kafaɗa. Allah ya taimake ni, Inna Zule ita ma Faransancin nata bai wuce gaisuwa ba, kuma ba ta jin kunyar kowa. Ta ce a maimaita da Hausa, tunda marasa lafiyar da Hausa suke nishi.

Lokotoro ta yi dariya ta maimaita. Ta ce ƙwayar cutar tana zaune a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba. In ta sami kafa sai ta faɗa jini, daga jini ta tsallaka cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki. Ta ce ƙwaƙwalwa gida ne mai katanga, ba kowa ke shiga ba, kuma a ciki akwai wasu ƙananan halittu na jikin mutum da aikinsu gadi. Ta kira su mikirogili. Ta zana ɗaya a allo, ɗan dunƙule da hannuwa da yawa a miƙe. Ta ce in ka gan su sai ka ɗauka barci suke yi, alhali lalube suke. Na ce a raina ashe muna da yawa.

Ta ce masu gadin nan da rigar ƙwayar cutar suke gane ta. Da sun taɓa rigar ba su tsayawa tambaya, sai su zuba wasu sinadarai cikin ruwan, wannan shi ne ihunsu. Ihun ne ke sa jiki ya ɗau zafi. Shi ke sassauta bangon hanyoyin jini, sojojin jini su yi ta kwararowa ciki, ruwa na biye da su, har ruwan baya ya gurɓace, tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya kumbura, wuya ya ƙi lanƙwasa. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya miƙewa ya ba su wuri. Sai a yi ta danne mai gidan. Ta ce rabin ɓarnar ba ƙwayar ke yi da hannunta ba, masu zuwa taimako ne.

Sannan ta faɗi abin da ya fi zauna mini. Ta ce allura tana kashe ƙwayar, amma gutsattsarin rigarta suna nan suna yawo a ruwa, masu gadi kuma ba su san gawa da mai rai ba, riga kawai suka sani. Don haka sai su ci gaba da ihu kwana ɗaya ko biyu. A daidai lokacin ne dangi ke cewa allura ba ta yi ba, su ɗauke mara lafiya su kai shi gida, kuma a daidai lokacin ne bai kamata a motsa shi ba.

Ni da aka ce in riƙe allo, sai bakina ya suɓuce na tambaya me ya sa ba za a sallami masu gadin ba. Ta ce in babu su ɓarawon zai cinye gidan kafin kowa ya farga. Laifinsu ɗaya, ba su san lokacin yin shiru ba.

Majo ya gyara zama ya ce, “Madam, da ba ki wahalar da allinki ba. Muna da guda a nan, ga shi riƙe da allon.”

Ya ba su labarin bunsuru tun daga farko, har da damand. Mutanen da na buɗe wa ƙofa da safe suka yi ta dariya har da hawaye. Daga ranar sunana ya koma Mikirogili, har matan da ke zuwa awo, da ba su san ma'anarsa ba, da shi suke gaishe ni. Kafin lokotoro ta tafi ta bar mana wani babban hoto: mutum zaune, ƙaho a ƙeyarsa, an ja jan layi biyu a kai an soke shi. Ni na buga shi da ƙusa a jikin ƙofar shiga.

Yanzu sai maganar Mati. Mati wanzamin garinmu ne, ɗan goggona, wato taubashina. Tun muna yara nake kiransa bawana yana kirana bawan gidansu, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi. Abu ɗaya ne ke ci masa rai da gaske. Ranar askin aurena ya yanke mini gefen kunne, na rantse askarsa ba za ta sake hawa kaina ba. Shekara talatin ina taka ƙafa har kasuwar Madarunfa wajen wani wanzami, in dawo in bi ta ƙofar Mati in cire hula. Matarsa Rabi ce ke sayar da fura a bakin likita, mace mai baki, wadda in ta gaishe ka sai ka duba ko zagi ne.

Ranar Litinin, Mati yana garin Ɗan Issa, Rabi ta faɗi a bakin murhu. Maƙwabta suka kawo ta, Majo ya ɗaga kanta wuya ya ƙi, ya yi mata allura da hantsi, aka kwantar da ita a tabarma ta huɗu. Talata da sassafe motar lokotoro ta zo ta ɗauki Majo zuwa rigakafi a ƙauyukan Gabi. Ya duba Rabi a tsaitsaye, ya ce zai dawo da la'asar ya yi mata ta biyu. Inna Zule ta ce ya bar mabuɗi. Ya dube ni, ya dubi mabuɗin, ya mayar da shi cikin riga. Umarnin da ya bar mini ɗaya ne: kada mara lafiya ko ɗaya ya fita.

Umarnin yana da sauƙin faɗa. Ƙofarmu ta kwano ce da sarƙa da kwaɗo, amma shingen aguwa ne, akwai wuraren da jaki da kayansa zai wuce bai sunkuya ba. Kwaɗon don mutunci ne kawai. A watan nan mutum uku aka fitar ina kallo, dangi suna cewa allura ba ta yi ba, kuma cikin ukun babu wanda na sake gani a kasuwa.

Ana idar da azahar sai ga Mati da amalanken jakinsa, zabira a kafaɗa, ƙannen Rabi biyu na biye da shi, ƙarti waɗanda kowannensu zai iya ɗaga ni da hannu ɗaya. Ya wuce runfa na bi shi. Rabi tana kwance kai ya karkata baya, jiki na huci, tana magana da uwarta da ta rasu shekara goma. Ya kira sunanta sau uku ba ta san shi ba.  Mati ba mugu ba ne. Tun yana saurayi yake sa ƙaho a ƙeyar masu ciwon wuya suna tashi, sai dai ciwon wuyan ɗaukar dami ne ko na kwanciya ba daidai ba. Shi a wajensa wuya wuya ne. Ya ce a shimfiɗa tabarma a amalanke, zai kai ta gida ya cire mata mataccen jini.

Na sha gabansa a bakin ƙofa. Na ce wa kaina yau ranar karatuna ce. Na tara su, na gyara murya irin ta lokotoro, na kawo musu komai: ɓarawo da rigarsa, masu gadi da ihunsu, taron da ke dannowa cikin ɗaki mai ƙofa ɗaya, gawar ɓarawo da har yanzu ake duka. Don su gane har na sadaukar da mutuncina na kawo misalin bunsuru. Masu jinya suka taru suna saurare. Ban taɓa jin kaina da ilimi kamar ranar ba.

Mati ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, “To, bawan gidanmu, ai ka gama mini aiki. Ɗaki ya cika da mutane, ƙofa ɗaya, suna danne mai gida. Me mai hankali zai yi? Ya huda bango su fita. Ƙahona ke nan. Ashe lokotoron taku ma tana bayana, ba ta sani ba ne.”

Ƙannen Rabi suka gyaɗa kai. Wasu daga cikin masu jinya ma suka fara kallon runfa, kowa yana tunanin nasa mara lafiyar. Na ce ƙaho daga fata yake jan jini, a wajen ƙashi, kamar mutum ne yana sharar tsakar gida alhali taron yana cikin ɗaka. Ya tambaye ni ko na taɓa shiga cikin ƙoƙon kai na gani. Ya ce mutumin da bai bambance bunsuru da ɓarawo ba a ɗakin da yake gani da ido, shi zai gaya masa abin da ke cikin ƙashi. Aka yi dariya. Karatun awa biyu ya ƙare a minti biyar, kuma ni da bakina na ƙara masa hujja.

Na dubi inuwar bedi. La'asar tana yi ne idan inuwar ta taɓa ƙofa, kuma da sauran tafiya mai nisa. Ƙarfi ba ni da shi, ilimi ya ƙi ci. Abin da ya rage mini a duniya shi ne abin da na hana Mati shekara talatin.

Na dafa ƙeyata na ce zan buɗe musu ƙofa, ga mabuɗi a aljihu, amma kwana uku ke nan wuyana na ciwo, tsoro ya hana ni gaya wa Majo. Na roƙe shi ya taimaka ya sa mini ƙaho ɗaya kafin su tafi.

Mati ya tsaya cak. Ya ce, “Sake faɗi, mutane su ji.”

Na sake faɗi. Ya tambaya a ina. Na ce a nan, na nuna gindin ƙofa, daidai ƙarƙashin hoton nan mai jan layi. Na ga fuskarsa ta yi abin da ba ta yi ba tun safe. Gardin likita da kansa, a ƙofar likita, a gaban jama'a. Ƙannen Rabi suka ce rana tana yi, ya ce ƙaho ɗaya ne, ba zai kai shan ruwa ba.

Inna Zule tana tsaye tana kallo, ita ba a yi mata bayani sau biyu. Ta miƙa hannu ta ce doka ta hana ƙarfe ya taɓa ma'aikacin gwamnati sai an dafa shi. Babu wannan dokar, a ranar ta kafa ta. Ta kwashi asaken Mati ta zuba a tukunyar dafa allurai, kuma ban taɓa ganin macen da hura wuta ta yi wa wuya kamar ranar ba. Sau uku wutar tana mutuwa.

Ga wanda ba a taɓa yi wa ba, ga yadda ƙaho yake. Wanzami zai kafa shi a fata, ya tsotsi iska ta tsininsa, ya toshe da ɗan danƙo, a jira wurin ya taso. Ya cire, ya yi tsaga ƙanana da aska, ya mayar ya sake tsotsa, a sake jira. Jiran nan shi nake saye da jinina. Da ya zubar da na farko a kaskon toka, ya ɗaga wa jama'a ya ce su dubi baƙinsa, wannan jinin mai barci a bakin aiki ne. Ya fara naɗe kayansa, sai na ce ciwon ya sauko kafaɗar dama. Ya sa na biyu. Na ce ya tsallaka ta hagu. Daga nan ya gangara tsakiyar baya, ya yi kwana ya nufi ƙugu. Mati yana binsa da ƙaho, kuma duk wanda ya kafa ba ya cirewa gaba ɗaya, yana mayarwa don kada ciwon ya sami hanyar komawa. Garin ya ji labari. Masu tallan goro suka zo suka kafa ciniki. Wata tsohuwa ta ce ta daɗe tana faɗa, ma'aikatan likita su ma a ɓoye wajen wanzami suke zuwa.

A ƙaho na shida na fara ganin jakin Mati ya zama biyu. Inna Zule ta kawo mini ruwan sukari a kofi, tana ba ni tana zagina ƙasa-ƙasa. Inuwa saura taku uku.

Da ya kafa na bakwai, Mati ya sunkuyo kamar mai duba wurin tsaga, ya kawo bakinsa daidai kunnen da ya taɓa yankewa.

Ya ce, “Lawali, na san abin da kake yi.”

Tun da aka haife mu ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba. 

Ya ce, “In ta mutu a runfar nan, ni da kai babu sauran wasa. Ko gawata ban yarda ka ɗauka ba.”

Na tuna mutum ukun da aka fitar. Na kuma tuna waɗanda aka bari a runfa aka yi musu ta biyun kuma duk da haka suka tafi, don akwai su, kuma Mati ya san akwai su. Ba ni da alkawarin da zan yi masa. Na ce, “Sa na takwas.”

 Sannan na ji sanyin ƙaho a bayana. Da ƙannen Rabi suka gaji suka ce su za su ɗauko ta da kansu su bi ta shinge, Mati ne ya daka musu tsawa. Ya ce ba a barin mutum da ƙaho rabi, jini zai juya masa, kuma babu mai taɓa matarsa sai ya gama. Ƙaho na tara ban ma roƙa ba. Shi ya lalubo wurin, a ƙarƙashin allon kafaɗa, ya ce ya ga ciwon ya ɓuya a nan. Tsotsarsa ma a hankali ya yi, kamar mai shan kunu mai zafi.

Inuwa ta taɓa ƙofa, ladan ya kira salla, babu mota. Sai da aka idar muka ji ƙugin inji. Ba Majo da lokotoro kaɗai ba ne a ciki. Sun ɗauko wani babban mutum daga Yamai, mai kwat da abin ɗaukar hoto, wanda ya zo ganin yadda wayar da kan jama'a ke tafiya. Aikina buɗe ƙofa ne, don haka na miƙe, ƙahoni na karo da juna a bayana, na kwance sarƙa, na ƙame na sara musu. Majo ya dubi hoton da ke jikin ƙofa, ya dube ni, ya sake duban hoton. Bakinsa ya buɗe amma ko Faransanci bai fito ba.

Lokotoro kuwa ba ni ta duba ba. Ta dubi amalanke da tabarmar da aka shimfiɗa a kai, ta dubi Mati. Inna Zule ta ce mata tabarma ta huɗu. Ta miƙa wa Majo hannu ya ciro mabuɗi daga wuya, ta wuce. Aka yi wa Rabi ta biyu, aka rataya mata ƙarin ruwa a jikin dirkar runfa. Sai bayan nan ta dawo kaina, ta sa aka wanke tsagar da ruwan magani mai zafin da ya fi askar, ta ce in na sake ba da fatata ga ƙarfen da ba nata ba, ita za ta yi mini allurar man gyaɗan nan da hannunta, ba rabi-rabi ba.

Mutumin Yamai ya ɗauki hotuna ya yi rubutu mai yawa. Daga baya takarda ta zo cewa ma'aikatan likitarmu su kansu suna bukatar wayar da kai. Aka tura ni Maraɗi taron kwana uku, inda aka koya mini da Faransanci cewa ƙaho ba ya maganin sanƙarau. Majo kuma ya ba ni damand ta biyu. Wannan karon ban kwana tunani ba, na rubuta masa kalma ukun nan na bara. Ya karanta, ya ninke, ya jefa a aljihun tebur, ban sake jin maganarta ba. Sati na zagayowa ya sa aka yanko mabuɗin mangaza na biyu. Inna Zule ya ba.

Rabi ta kwana Laraba zafin na sauka. Alhamis da hantsi ta buɗe ido, ta ga Mati tsugune a gefenta, ta tambaye shi wa ya bari da ƙwaryar furarta, kuma me ya sa ya yi zuru-zuru kamar wanda aka yi wa sata. Mati ya tashi ya fita bayan runfa, ya daɗe yana gyaran linzamin jakin da ba shi da linzami. Ta warke, sai dai kunnenta na hagu bai sake ji ba. Lokotoro ta ce taron ne ya tattake wannan hanyar kafin ya watse. Rabi ta ce ba komai, ta san wanda za ta riƙa zaunarwa ta hagu.

Har yau Mati cewa yake ƙahonsa ne ya warkar da ita, wai ya janyo ciwon daga runfa ya fitar ta bayana. Ban taɓa musa masa ba. Abin da na sani shi ne, daga shekarar, duk wanda aka kai masa da sandararren wuya da zazzaɓi, a amalankensa yake ɗoro shi ya kawo ƙofata, ya ce wannan na Majo ne, ƙahonsa ya gaji.

Ku masu tsaron ƙofa yanzu, abin da na koya ba shi da yawa. Za a ba ku umarni kada mara lafiya ya fita, a ba ku kwaɗo, a bar shinge a buɗe. Mutumin da ya zo ɗauke nasa ba abokin gaba ba ne. Shi ma gardi ne, ya taɓa rigar ɓarawo a jikin matarsa, ihu yake yi bai san yadda zai daina ba. In kun yi masa karatu zai mayar muku da shi da ƙari, ni an mayar mini. Ku samo masa abin da zai yi da hannunsa da inda zai zauna ba tare da ya ji kunyar surukansa ba, har mota ta iso. Ba lallai sai da bayanku ba. Yanzu akwai waya, kuma matron tana da mabuɗi.

Ni dai abin da na yi asara rantsuwata ce. Mutumin da ya ba da bayansa sau tara ba shi da bakin hana kansa. Kowace Juma'a Mati ke yi mini aski, kuma har yanzu in ya zo daidai kunnen nan sai na ji ya rage sauri, ya ce, “Bawan gidanmu, kada ka yi ihu, ba ɓarawo ba ne.”